Muryar Kawuna Cikin Fayil Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da filashi ya fara korar faifan filofi daga shagunan kwamfuta, ina aiki a wani ɗan shago a Nguru, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Aikinmu buga takardu ne, da fotokwafi, da katin ɗaurin aure. Idan babu kwastoma sai in juya in hau koyon rubuta manhaja, wadda a lokacin furogiram muke ce mata. Babu wanda ya koya min, daga wani tsohon littafi marar bango sai taurin kaina. Kuma in gaya muku gaskiya, na yarda da kaina fiye da inda ilimina ya kai. Har yau ban warke daga wannan ciwon ba, kuma ba na neman magani.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, iyayensa daga Kano suka zo suka zauna a Nguru. Mahaifiyata kuwa 'yar Bade ce daga Gashuwa, gidansu kaf masunta ne. Na tashi ina jin Badanci a bakinta, amma ban da gaisuwa da zagin da ake yi wa yaro marar ji, babu abin da ya zauna a kaina. Wannan ne ya ba yayanta, wato kawuna, abin tsokanata. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Bakano. Duk zuwan da zai yi Nguru da kwalayen bandar kifi, sai ya ɗaga guda ɗaya ya ce, "Bakano, mene ne sunan wannan?" In ce kifi. Ya juya ya dubi mahaifiyata ya ce, "Kin ji ɗanki. Da akuya da saniya duk nama ne a wurinsa."

Abin ya dame ni, sai na yanke shawarar ramawa ta hanyar da na iya. Zan haɗa manhaja wadda yaro zai danna hoton kifi ko na kayan kamun kifi, ya ji sunansa da Badanci daga bakin wanda ya fi kowa sani. Na aro kyamara na bi 'yan kifi a kasuwa ina ɗaukar hoton tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa, suna ta yi min dariya. Da kawu ya sake zuwa, na lallaɓa shi zuwa shagonmu da hantsi, mahaifiyata ta biyo mu don ta zama tafinta. Na ɗora masa makirfo a gaba na ce, "Kawu, idan na nuna maka hoto, sunan kawai za ka faɗa, sai ka yi shiru."

Ya ce, "Sunan kawai? To wa zai gaya musu inda ake samunsa?"

Tun daga nan na san ba ni ke riƙe da wannan zama ba. Kowane kifi sai ya zo da labarinsa: wanda ke kwana a taɓo har rani ya wuce, wanda ƙayarsa ta taɓa kwantar da shi, wanda ba a ba baƙo sai an ga hankalinsa. Yana yi yana haɗa Badanci da Hausa, mahaifiyata tana gyara masa, shi yana cewa ita da ta auri ɗan tireda me ta sani. Da muka zo kan hoton gora, wato babbar ƙwaryar nan da masunta ke kifa ciki a kai su ratsa ruwa, sai zama ya rikice gaba ɗaya. Kawu ya koma Hausa zalla don in zama alƙali, ya ce, "Bakano, ka ga uwarka? Ita ta saki gorar babanmu ruwa ya tafi da ita, aka zane ni a banza. Bari in ba ka labarin tun daga farko. Ran nan da safe..."

Mahaifiyata ta katse shi. "Yaya, ka ji tsoron Allah. Kai ka ɗaure ta, ɗaurin da ko kaza ba zai riƙe ba."

Ya sake ɗaukowa, ta sake katsewa. Haka suka yi ta yi har aka kira azahar, bai kai ƙarshen labarin ba. Ni dai na bar makirfo a kunne, ina cewa a raina zan yanke surutun daga baya.

Na haɗa manhajar kamar yadda littafina ya koya min: fayil ɗaya mai hoton kifi a jikinsa wanda ake dannawa, a gefensa kuma folda cike da hotuna da muryoyi. A kwamfutar shagonmu abin ya yi aiki kamar me. Ina da aboki a Gashuwa, Babarbare ne, shi ma yana da shagon kwamfuta, kuma muka yi da shi cewa zai zuba ta a injinansa, a kira kawu ya ji kansa a gaban mutanen garinsu. Na ba wani direba filashi ya kai masa, na zauna ina jiran yabo.

Waya ce ta zo maimakon yabo. Abokina ya gaishe ni da harshensu ya ce, "Wushe, mai ilimi. Wannan abin naka kurma ne, kuma makaho. Mun tara mutane, tsohon ya sa babbar riga ya zo, na danna, allo fari fat."

Na ce, "Ka kwafi foldar da ke gefensa?"

Ya ce, "Wace folda? Na ɗauki mai hoton kifin, na mayar wa direba filashi. Sauran ai na ɗauka tarkacen bairos ne."

Ban ga laifinsa ba. A wancan zamanin haka kowa ke yi daga Nguru har Gashuwa. Mutum zai ga abu ya burge shi a kwamfutar wani, ya jawo fayil ɗin nan mai hoto cikin filashinsa ya kama gabansa. Folda kuwa tsoronta ake ji, domin bairos ɗin lokacin shi ma folda-folda yake haifarwa, don haka duk mai shagon da ya san kansa, da ya ga wadda bai sani ba sai ya goge. Na tambayi abokina abin da kawu ya ce. Ya ce tsohon ya daɗe yana kallon allon, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ku gaya wa Bakano komarsa a yage take, kifin duk ya zube a hanya." Wannan maganar ta yi min zafi, domin a gaban tsaransa aka kunyata shi, kuma ni na jawo.

Abokina ya ba da shawarar in rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa a riƙa kwafar foldar. Na ce masa ko da jan fenti na rubuta babu mai karantawa. Mutanenmu fayil ɗaya suke ɗauka, to sai in ba su fayil ɗaya wanda komai ke cikinsa. Yadda za a yi hakan ne ban sani ba, amma na gaya masa a waya cewa ya ba ni ɗan lokaci kawai, kamar na riga na gama.

Ana haka mahaifina ya aike ni Kano saro kaya. Na ba dillali jerin abin da ake so, na sulale na shige wani kafe na intanet. A nan na ci karo da wani laburare na masu rubuta manhaja. Ba ɗakin karatu nake nufi ba, tarin kayan aiki ne da wasu suka riga suka rubuta suka bar wa kowa ya ɗauka ya ɗora nasa aikin a kai. A cikinsa akwai abin da suke kira VFS a taƙaice. Bayaninsa shi ne, manhajarka ta daina zuwa folda da ƙafarta tana neman fayil. Sai dai ta ce wa laburaren, ba ni muryar tarwaɗa, shi kuma ya miƙo mata, ko daga folda ya ɗauko ko daga cikin wani ƙunshi da aka ɗaure. Ita manhajar gani take har yanzu folda ce a gabanta, alhali babu wata folda a zahiri. Ban sha wahalar ganewa ba, don a shagon mahaifina na girma. Mai saye ya ce a ba shi sukari, ba ruwansa da ko daga kanta aka ɗauko ko daga sito.

Da na dawo Nguru na bi layukan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya, duk inda manhajar ke buɗe fayil da kanta na mayar da shi ta bi ta hannun laburaren. Na ɗaure hotuna da muryoyi a ƙunshi guda, na manna ƙunshin a wutsiyar manhajar, na koya mata cewa idan ta tashi ta fara duba jikinta. Ba a karon farko abin ya yi ba, ya sha rufe min fuska, har maigidan shagon ya fara tambaya ko aljanu nake kira. Ranar da ya yi kuwa, na goge foldar da hannuna, na danna tarwaɗa, muryar kawu ta cika shagon. A wannan karon ban ba direba ba, ni na hau mota na kai Gashuwa da kaina.

Kawu ya ƙi sa babbar riga, ya ce ba za a yi masa sau biyu ba. Ya zo da 'yar shara ya tsaya daga bakin ƙofa. Na miƙa wa abokina filashi na ce ya kwafa yadda ya saba, kada ya canza hali don ni. Ya jawo mai hoton kifin shi kaɗai, ya danna. Kawu ya ji wani yana bayanin gaiwa da muryarsa, ya matso a hankali, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya dubi jama'a ya ce, "Wannan mutumin ya san kifi."

Bayan nan sai wata matsalar ta taso. Malaman makaranta da suka karɓa suka ce yaro yana danna gora don ya ji kalma ɗaya, sai ya ji tsofaffi biyu suna faɗa a kan abin da ya faru kafin a haifi ubansa. Suna da gaskiya. Na zauna na fara yanke kowace murya, ina barin sunan kawai. A nan ne laburaren ya sake yi min rana, domin yana yarda a ɗora ƙunshi a kan ƙunshi. Idan an nemi abu, na sama yake fara dubawa, in babu ya gangara na ƙasa, kamar dai yadda ake duba kanta kafin a shiga sito. Don haka ban taɓa tsohon ƙunshin ba. Na yi sabo na yankakkun muryoyi na ɗora a sama, duk wadda na gyara ta rufe tsohuwarta, wadda ban kai gare ta ba kuma a ji ta yadda take. A hankali na saman ya rufe na ƙasan ruf.

Abokina ya ce, "To yanzu ka cire na ƙasan mana. Fayil ɗinka ya fi buhun gero nauyi, rabin filashin mutum yake cinyewa, kuma babu mai jin abin da ke ciki."

Na ce ba zan cire ba. Ya tambayi dalili, na kawo masa bayanai masu tsawo irin na masana, waɗanda ni ma ban gama yarda da su ba. Gaskiyar ita ce gini ne na yi da hannuna yana tsaye daram, ban ga abin da zai sa in zare tubalin ƙasa ba. Ya ce taurin kan Kanawa ne, na ce na gode. Haka manhajar ta bazu da nauyinta, daga wannan filashi zuwa wancan, har na ji labarin an gan ta a Yusufari.

Shekaru suka shuɗe. Wata damina tsawa ta faɗa kusa da shagonmu ta ƙone kwamfutar da duk aikina ke ciki. Faya-fayan da na kwafe aikin a kansu na adana a durowa kuwa zafin kwano ya riga ya sa bayansu ya ɓare. Na ji haushi, amma lokacin hankalina ya koma kan wasu ayyukan, na ce abin da ya wuce ya wuce. Ba a daɗe ba kawu ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa.

Mahaifiyata ba mai yawan kuka ba ce. Ta yi zaman makoki a Gashuwa ta dawo ta ci gaba da harkokinta, sai dai ta rage magana, kuma Badanci ya ɗauke daga gidanmu ɗif, don babu sauran wanda za ta yi faɗa da shi a cikinsa. Bayan 'yan watanni, wata rana ina cin abinci a ɗakinta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Wannan abin da kuka yi da Yaya a shago, yana nan?"

Na ce, "Sunayen kifin, Inna?"

Ta ce, "Me zan yi da sunan kifi? Hirar nake so."

Ban gaya mata labarin tsawa ba. Na ce, "Zan kawo miki." Na faɗa da irin muryar nan tawa da ke sa mutane su ɗauka abin yana aljihuna, alhali ko kwafi ɗaya ba ni da shi a duniya.

Na kira abokina. Ya ce injinansa an yi musu fomatin an goge komai ya fi a ƙirga, kuma ko an samu manhajar a wani wuri, ai yankakkun kalmomi ne kawai ke fita, hirar ta tafi tare da kwamfutata. Na ce masa hirar tana ciki, ba ta je ko'ina ba, rufe ta kawai na yi. Ya ce, "Buhun geron nan?" Na ce shi fa. Daga ranar ya shiga tambaya a gari. Kwafin farko da aka samo a wani shagon hoto a Gashuwa, da na je na duba nauyinsa, ashe kurman nan ne na farko, wanda babu komai a cikinsa, ya yi ta yawo shi ma yana ba mutane haushi. A ranar kam na ɗan ji tsoro, na fara tunanin da wane ido zan kalli mahaifiyata.

Daga baya aka yi mana kwatancen wani malamin firamare a Jajimaji, cikin ƙasar Karasuwa, wanda aka ce yana kunna wa ɗalibansa manhajar. Na sauka a can da rana tsaka na same shi a gida. Ya cire zanin da ya lulluɓe wata tsohuwar kwamfuta da shi, muka jira aka tayar da janareta. Yana ta ba ni haƙuri wai shi fayil ɗaya kawai ya kwafo, bai san ko akwai sauran abin da ya bari ba. Na ce, "Malam, daidai ka yi." Ban ko danna ba, nauyin na fara dubawa. Yana nan da ƙibarsa yadda na haife shi.

Aikin da ya rage bai kai a kira shi aiki ba. A Nguru na rubuta 'yan layuka na ce wa laburaren ya buɗe fayil ɗin, amma ya ƙyale ƙunshin sama, ya nufi na ƙasa kai tsaye. Sai ga muryoyin sun jeru, dogaye, babu wadda aka taɓa.

Bayan la'asar na kai mata a tsakar gida, na ajiye lasifika a kan tabarma kusa da ita. Na fara da tarwaɗa. Da ta ji kawu ya yi gyaran murya sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta saurari kifi bayan kifi, wani wurin ta yi murmushi, wani wurin ta ce, "Ƙarya yake, ba a nan ya kama shi ba." Sannan ta ce in sa mata gora.

Muryar kawu ta fito garau: "Bakano, ka ga uwarka? Ita ta saki gorar babanmu ruwa ya tafi da ita, aka zane ni a banza. Bari in ba ka labarin tun daga farko." Na ga mahaifiyata ta gyara zama ta matso, ta tallafe haɓa. Ya ce, "Ran nan da safe..." Sai muryarta ta wancan lokacin ta faɗo daga lasifikar ta katse shi, tana cewa ya ji tsoron Allah. Ya sake ɗaukowa, ta sake katsewa.

Mahaifiyata ta ɗaga hannu ta nuna lasifikar, ranta a ɓace, ta ce wa matar da ke ciki, "Ke kuwa ki bar shi ya ƙarasa mana."

Can cikin lasifikar su biyun suna ta musunsu, yana dariya, har aka ji kiran sallar azahar na waccan ranar, sautin ya yanke. Ta daɗe tana kallon tabarma, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Sannan ta ce, "Mayar da shi farko."

Har yau idan matasa masu koyon wannan sana'a suka tambaye ni abin da na fi alfahari da shi, ba na kawo manyan ayyukan da na yi daga baya, wannan nake faɗa. Na koyi cewa ba a gyara halin jama'a da gargaɗi, sai dai ka yi abinka daidai da yadda hannunsu ya saba ɗauka. Na kuma koyi cewa abin da mai aiki ke kira surutu, wata rana shi ne kaɗai abin da wani zai nema. Abokina har gobe yana cewa sa'a ce kawai na taka, ni kuma ina ce masa ilimi ne, kuma ba na jin za mu daidaita.

Ƙarshen labarin gorar dai babu wanda ya san shi yanzu sai mahaifiyata. Na taɓa tambayarta ta ba ni, ta ce ba nata ba ne, na Yaya ne, kuma ita ta hana shi faɗa.